Yadda Za Ka Koya Wa Ɗalibanka Tambaya Da Bin Diddigi Ba Tare Da Sun Zubar Da Ladabi Ba

Akwai wani yaro da na koyar a aji biyu na ƙaramar sakandare a Agege, cikin Legas. Ranar Asabar yakan bi mahaifinsa kasuwar Mile 12, ya yi ciniki da mata 'yan sari da Yarbanci, ya juya ya yi wa ɗan dako magana da Turancin buroka, ya lissafa canji a ka kafin ka zaro waya daga aljihu. Ranar Litinin kuwa, in na tsaya a kansa na ce me ya sa amsarsa ta zama haka, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, haka yake a littafi."

Irinsa sun fi yawa a makarantunmu na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago. Basirar tana nan, sai dai yaro ya saba ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalminsa. Abin da zan zayyana a nan shi ne hanyar da na bi, mataki bayan mataki, har na ga yara sun fara shigowa da ita cikin aji. Ba ta buƙatar kwamfuta, ba ta jiran a kawo wuta. Alli da allo da haƙurin zango ɗaya sun isa, ko da ɗalibanka sun kai sittin.

Da farko, ka je wa iyaye

Wannan na koye shi ne bayan na sha faɗa. Na yi mako biyu ina koya wa yara su riƙa tambayar asalin labari, sai ga wani Alhaji a ofishin hedimasta, ransa a ɓace. Wai ya kawo wani labari a gida bayan sallar isha'i, 'yarsa ta dube shi a gaban baƙi ta ce, "Wa ya faɗa?" Ya ce mini, "Malam, mun kawo muku yara ku ba su tarbiyya, ko mun kawo su ne ku koya musu tsaurin ido?" Gaskiyarsa ne. Na ba yarinya wuƙa, ban nuna mata inda ake riƙewa ba.

Saboda haka kafin ka taɓa komai a aji, ka nemi minti goma a taron iyaye, ko ka bi manyan unguwa da limamin masallaci. Ka yi musu magana da abin da suka sani. Duk wanda ke saye da sayarwa a Legas ya san wanda aka damfara da saƙon banki na bogi, ko aka sayar masa da filin da ba na mai sayarwa ba, har ta kai mutane suna rubutawa a bangon gidajensu cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Ka ce musu, "Alhaji, Hajiya, so nake in ɗanku ya girma a garin nan kada wani ya ci da guminsa." Ban taɓa ganin uban da ya ƙi wannan ba. Ka kuma yi musu alkawarin cewa za ka koyar da ladabin tambaya tare da tambayar, kuma ka cika.

Mako na farko: ka raba tambaya da rashin kunya

Yaranmu sun taso a kan cewa yaro ba ya ja da babba, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau da ba na so ta ɓace. Abin da ya rage shi ne su gane cewa neman fahimta daban, ja-in-ja daban. Ni da hadisin dabino nake farawa, wanda Buhari ya ruwaito. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, kuma ta yi kama da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya ji a ransa dabino ce, amma ya ga shi ne ƙarami a wurin, kunya ta hana shi magana. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi. Ka ba su labarin, ka tsaya, ka tambaye su me ya sa uban ya so ɗan ya yi magana. Ga 'yan mata kuma, ka tuna musu yabon da Nana A'isha ta yi wa matan Ansar, cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Daga nan sai ka koya musu lafazin, ka sa su maimaita shi kamar karatun allo har ya zauna a baki. Maimakon "wa ya faɗa?" yaro ya ce, "Baba, don Allah a ina aka ji wannan? Ina so in kai wa Malam." Maimakon "ba haka ba ne" ya ce, "Malam, ni na fahimta daban, a ba ni izini in faɗa." Ka rubuta tambayoyi uku a kwali ka manna a saman allo, su zauna a nan har ƙarshen shekara: Daga ina maganar ta fito? Ta yaya mai ita ya sani? In ba haka ba ne, me za mu gani?

Sai abu mai wuya a wurinmu malamai. Ka daina duka ko tsawa a kan amsar da ba daidai ba. Hukunci a kan rashin ɗa'a maganarsa daban, amma yaron da ya sha dorina sau ɗaya saboda ya gwada ya kuskure, ba zai sake gwadawa ba. Ka kuma hana 'yan aji yi wa mai kuskure dariya, ka tsaya a kan wannan ba sassauci.

Mako na biyu: ka koyi yin shiru

Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi darussa masu yawa a faifai a wajajen 1970, ta gano cewa malami kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan ya yi tambaya kafin ya amsa da kansa ko ya kira wani. Da aka sa malamai su jira daƙiƙa uku zuwa sama, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara magana. To mu namu yaran ai sun fi buƙatar wannan jira. Tambaya ta zo musu da Turanci, su juya ta zuwa Hausa, su yi tunani, su sake juya amsar zuwa Turanci. Daƙiƙa ɗaya ina za ta kai su?

Ga yadda nake yi. In na jefa tambaya, sai in ce kada kowa ya ɗaga hannu, in ƙirga goma a zuci. Sannan in ce kowa ya juya ga maƙwabcinsa a benci su tattauna minti ɗaya, kuma na halatta musu Hausa a wannan mintin. Bayan nan sai in sa hannu a wani gwangwanin madara da na cika da ƙananan takardu masu sunayen 'yan aji, duk wanda na zaro shi zai faɗi abin da suka tattauna, da Turanci gwargwadon iyawarsa. Gwangwanin nan ya kashe mini matsalar yara biyar na gaba da ke cinye darasi, sauran hamsin suna kallon taga.

Wasu masu makarantu suna cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji. Na fahimci tsoronsu, don jarrabawar WAEC da NECO da JAMB da Turanci ake rubuta su. Amma yaron da bai fahimci abu da harshen da yake mafarki da shi ba, haddar kalmomi kawai zai yi. A bar shi ya kama ma'ana da Hausa, sannan a matsa masa ya fitar da ita da Turanci a baki da a rubuce.

Ka kawo kasuwa cikin aji

Daga mako na uku sai ka fara sauya misalan littafi da abin da yara ke gani da idonsu. Ga darasin lissafin da na fi so, kuma lambobin nawa ne na ƙirƙira don aji, kai ma ka sa naka daidai da farashin ranar.

Ka rubuta a allo: Wata mata ta sari kwandon tumatir a Mile 12 a kan naira 40,000. Ta kasa shi kashi 50, kowane kashi naira 1,000. Nawa ta ci riba? Cikin minti ɗaya aji zai amsa da baki ɗaya, naira 10,000. Kada ka ce daidai, kada ka ce kuskure. Ka ce, "Wanda iyayensa ke sana'ar gwari ya gaya mini, haka ake samu?" A nan ne yaron nan na Asabar ya fara ɗaga kai a ajina. Ya ce, "Malam, ai na ƙasan kwando ya farfashe tun a mota." Wata ta ce ba a sa kuɗin dako ba. Wani ya ce akwai kuɗin motar haya ta danfo zuwa gida, akwai leda, akwai gyara da ake yi wa mai saye. Sai mu koma allo: kashi shida sun lalace, saura 44, dako da mota naira 1,500, riba ta dawo naira 2,500. Ka bar su su ga yadda 10,000 ta narke, sannan ka tambaye su abin da ya fi muhimmanci: me ya ɓace daga tambayar farko, kuma wa ya kamata ya lura?

In darasin ya kama, ka ja shi zuwa wani fanni. Me ya sa tumatir ke araha da rani ya yi tsada da damina? Su bincika a gida su dawo. Za su kawo maka noman rani na ban ruwa a Kadawa da Kura a jihar Kano, da tafiyar kusan kilomita 1,000 da mota ke yi kafin ta iso Legas, da kuɗin man dizal, da yadda ruwan sama ke ɓata tumatir a gona. Wani uban ma zai tuna musu 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki a Arewa har aka riƙa kiranta Ebolar tumatir. Ka rubuta duk dalilan a allo, ka sa su jera su daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni, kowane rukuni ya kare jerinsa. Ka ga an yi lissafi, an yi labarin ƙasa, an yi tattalin arziki, kuma uba ya zama malami a gidansa.

Darasin ruwan gishiri

Wannan shi ne ƙashin bayan zangon, kuma ina ba shi kwana uku.

Ranar 20 ga Yulin 2014 wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed daga Laberiya yana ɗauke da cutar Ebola. Aka kai shi asibitin First Consultants da ke Obalende, inda Dakta Stella Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ita ma ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙasar ta rabu da cutar. A tsakiyar wannan tashin hankali, a farkon watan Agusta, wani saƙo ya zagaye ƙasar nan a dare ɗaya, wai a yi wanka da ruwan zafi da gishiri a kuma sha, yana kare mutum daga Ebola. Waya ta yi ta ƙara kafin asuba, 'yan uwa na tashin 'yan uwa daga Legas har Sakkwato. An kwantar da mutane a asibiti saboda shan gishiri fiye da kima, kuma an samu rahoton waɗanda suka rasa ransu.

Rana ta farko, kada ka ba su ƙarshen labarin. Ka ba su aikin gida: kowa ya tambayi babba ɗaya a gidansu, da lafazin ladabin nan da aka koya, ko ya tuna daren, wa ya kira shi, shi kuma wa ya kira, kuma ya yi wankan ko bai yi ba. Ka gargaɗe su cewa ba a yi wa kowa dariya, domin wanda ya tashe ka da tsakar dare don ya cece ka, ƙauna ce ta sa shi.

Rana ta biyu, ku zana silsilar a allo. Inna ta ji daga ƙanwarta a Kano, ita kuma daga maƙwabciya, ita kuma daga wani saƙo da aka turo. Ku yi ta bi har inda igiyar ta tsinke, kuma kullum tana tsinkewa a kan "an ce". A nan sai ka tambayi 'yan Islamiyya me malaman hadisi ke kiran wannan jeri na wane daga wane. Za su ce isnadi. Ka tambaye su hukuncin ruwayar da aka samu wanda ba a san ko wane ne ba a cikin isnadinta. Za ka ga idanunsu sun buɗe, don sun gane cewa abin da kake koya musu ba baƙo ba ne, kakanninsu a ilimi sun yi ƙarni da ƙarni suna yin sa. Ka kawo aya ta 6 ta Suratul Hujurati da ta yi umarnin a nemi tabbaci in fasiƙi ya zo da labari, da hadisin da Muslim ya kawo cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Rana ta uku ta kimiyya ce. Ku ɗauki tambaya ta uku da ke saman allo. In da gishiri na maganin Ebola, me za mu gani? Da likitocin da ke jinyar masu cutar sun fara amfani da shi, da mutanen bakin teku a Laberiya da Saliyo da Gini ba su mutu ba. Ka bayyana musu cewa ƙwayar cutar tana yaɗuwa ne ta taɓa jini da sauran ruwan jikin mai ita, kuma abin da ya tsayar da ita a Legas shi ne keɓe marasa lafiya da bin sawun duk wanda ya yi hulɗa da su. Ka rufe da aiki: kowane rukuni ya kawo saƙo ɗaya da ke yawo a WhatsApp ɗin gidansu a makon nan, a ɗora shi a kan tambayoyin uku. Ka tace saƙonnin da kanka kafin su shigo aji, ka ajiye duk wanda ya taɓa ƙabila ko ɗariƙa ko ɗan siyasa.

Albasa da acaɓa

Tun 2018 dokar jihar Legas ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, kuma wasu iyayenmu na ganinsa kamar ƙarin kaya. Ni kuwa wata dama nake gani a cikinsa. Ka rubuta albasa da alubosa na Yarbanci da basal na Larabci, ka rubuta lafiya da alafia na Yarbanci, ka tambaye su wa ya ara daga wa, kuma da wace hujja. Minti goma sha biyar ne, amma yara kan fita suna gardamar fatake da hanyoyin kasuwancin goro.

Muhawara kuwa sai zango ya yi nisa, yara sun saba. A watan Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, a watan Satumba ta ƙara huɗu, ciki har da Mushin da Kosofe. Akwai yaran da wannan doka ta taɓa tukunyar gidansu. Ka raba aji biyu, ka ba waɗanda suka fi jin zafin dokar aikin kare ta, waɗanda ke goyon bayanta su soke ta. Za su yi ƙorafi. Ka ce musu ba ka nemi su sauya ra'ayi ba, so kake kowa ya iya faɗin hujjar abokin gardamarsa yadda shi abokin zai ce, "Haka nake nufi." Ka lura da fuskar yaron da abin ya shafa kai tsaye, in ka ga ya yi masa nauyi, ka ba shi aikin riƙe agogo.

Kada ka yar da hadda

Masu zuwa daga taron horar da malamai wani lokaci sukan dawo suna zagin hadda. Ban yarda da su ba. Wanda bai haddace jadawalin sau ba, da me zai gane an cuce shi a lissafi? Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri in ba a waiwaye shi ba, kuma alarammominmu da ke sa tilawa kullum sun riga shi sanin maganin. Ka ɗauki minti biyar na farkon kowane darasi, a rufe littattafai, ka yi tambaya uku: ɗaya daga darasin jiya, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya.

Maki, da abin da ba ka sani ba

Yaro yana bin inda maki yake. In gwajinka duk cike gurbi ne, to komai ka faɗa a kan tunani iska ce. A kowane gwaji ka sa tambaya ɗaya mai cewa "kawo dalilinka", ka ba dalilin maki fiye da amsar. Wanda ya kuskure amsa amma hanyarsa ta yi ma'ana, ka ba shi rabonsa ka rubuta masa inda ya kauce. Da yake aji na da yawa, ba sai ka duba sittin kullum ba. Ka ɗauki littafi goma sha biyu a rana, ka zagaye kowa a mako.

Kuma ranar tana zuwa da yaro zai yi maka tambayar da ba ka da amsarta. Ni wata yarinya ce ta tambaye ni me ya sa ruwan da ke ƙarƙashin gadar Third Mainland ba ya yin igiya irin ta teku, alhali suna haɗe. Na ce mata ban sani sosai ba. Imamu Malik da girmansa ya shahara da faɗin "ban sani ba", ballantana ni. Na ja layi a kusurwar allo ta dama, na rubuta tambayarta da kwanan wata, na ce monita kada ya goge. Ranar Litinin na dawo da bayanin yadda tsibirai da yashin gaɓa suka tare ruwan daga teku, sai ta wata siririyar mashiga a wajen tashar jiragen ruwa suke haɗuwa, na kuma tarar mutum huɗu sun riga ni tambayo masunta. Ka ware irin wannan kusurwa a allonka tun ranar farko, ka sa doka cewa tambaya ba ta wuce mako ɗaya a wurin, kuma wanda ya kawo amsa sai ya faɗi inda ya samo ta kafin a goge.